Darasin Wannan Wata: Barci da Sabo

 

Wani dattijo ya taɓa tare ni bayan an tashi daga ajin dare. Ɗan dako ne a kasuwar Ƙofar Ruwa, cikin ƙaramar hukumar Dala a birnin Kano. Kamar yawancinku, manomi ne. Da rani yake shigowa birni neman kuɗi, da damina ya koma gona. Yini yake yana ɗaukar rodi da siminti. Ya ce mini, "Malam, ni zan haƙura da karatun nan. Kaina ya toshe. Abin da aka koya mini yau, gobe babu shi. Kuma da na ga allo sai gabana ya faɗi."

Na ce, "Baba, ƙarfe nawa kake kwanciya?" Ya ce sai wajen ɗaya na dare, don bayan aji yakan zauna hira a teburin mai shayi. Na ce, "Ƙarfe nawa kake tashi?" Ya ce kafin kiran sallar farko. Na sake tambayarsa ko an taɓa dukansa a kan karatu yana yaro. Sai ya yi dariya, ya ce, "Ai ba a magana."

To, kan Baba bai toshe ba. Abu biyu ne suka tare masa hanya, ƙarancin barci da wani tsohon sabo. A kansu za mu yi darasin wannan wata. Dukansu suna cikin fannin da ake kira ilimin halayyar ɗan Adam, wato ilimin da ke binciken yadda mutum yake tunani, da yadda yake koyo, da dalilin da ya sa yake yin abin da yake yi.

Ku lura da kalmar sabo. Ba sabo na sabon wando ake nufi ba. Rubutunsu ɗaya, amma a baki sun bambanta. Wanda muke nufi shi ne na karin maganar nan, sabo turken wawa.

Karnukan Pavlov

Ku tuna da watan azumi. Rana ta faɗi, an jera kunu da ƙosai da dabino. Ladan ya ɗaga murya. Tun ba ka kai komai baki ba, yawunka ya tsinke. Shin kiran salla abinci ne? A'a. To me ya kawo yawu?

Wani likita ɗan ƙasar Rasha mai suna Ivan Pavlov shi ne ya fara auna wannan abu a tsanake. An haife shi a 1849, ya rasu a 1936. Asalin aikinsa binciken yadda ciki yake narkar da abinci ne, har aka ba shi babbar kyautar Nobel a kan haka a 1904. Da karnuka yake gwajinsa a birnin Santa Fitasbag. Yakan yi wa kare 'yar ƙaramar kafa a kumatu, ya sa bututu, don yawun ya riƙa ɗiga cikin kwalba a auna yawansa.

Ana cikin haka sai aka lura da wani abu. Karnukan sun fara dalala tun kafin a kawo abinci. Da sun ga mai ba su abinci, ko sun ji takun sawunsa, sai yawu ya zubo. Wani zai ce wannan ɓata gwaji ne. Shi kuwa Pavlov sai ya mai da hankali a kai. Ya riƙa kunna wani abu mai ƙas-ƙas kamar agogo, jim kaɗan sai a ba kare abinci. Da fari ƙarar ba ta sa kare komai, sai dai ya ɗaga kunne. Bayan an maimaita sau da yawa, ƙarar kaɗai ta isa ta zubo da yawu.

Ma'anar wannan ita ce, idan abu biyu suka riƙa zuwa tare, ɗaya na bin ɗaya, jiki yakan ɗaure su wuri guda. Na farko ya zama mai shelar na biyu. Ba sai mutum ya yi niyya ba, ba kuma sai ya sani ba.

Ku da kuke kiwo ba baƙon abu ba ne a wurinku. Uwargida ta kaɗa tsaba a cikin kwano, kaji su taho a guje daga bayan rumbu. Akuya ta ji ƙarar bokitin dusa ta fara kuka tana jan igiya. Ba a haifi akuya da sanin bokiti ba, koya ta yi. Abin da Pavlov ya ƙara a kan sanin makiyayi shi ne awo da lissafi.

Ya kuma gano cewa sabo yana kwancewa. Idan aka yi ta kunna ƙarar ba a kawo abinci, yawun yakan ragu har ya tsaya. Amma in kare ya huta kwana ɗaya ko biyu aka sake kunnawa, sai yawun ya ɗan dawo. Wato sabon bai mutu ba, kwanciya ya yi. Shi ya sa wanda ya bar taba shekara guda, rana ɗaya ya zauna a tsohuwar majalisarsa ya ji ƙamshinta, sai sha'awa ta taso masa kamar jiya ya bari.

Yadda ake koyon tsoro

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan magana ta riga masana zuwa wurin.

A 1920, a ƙasar Amurka, wani masani mai suna John Watson da abokiyar aikinsa Rosalie Rayner suka yi gwaji da wani jariri da bai cika shekara ba. Suka nuna masa farin ɓera. Yaro bai ji tsoro ba, har yana miƙa hannu. Daga nan, duk lokacin da ya kai hannu wajen ɓeran, sai a doki wani sandan ƙarfe da guduma a bayan kansa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake sauke rodi a Ƙofar Ruwa ya san irin wannan ƙara. Ba a yi haka sau da yawa ba, yaro ya fara kuka da ganin ɓeran kawai. Abin bai tsaya nan ba. Ya koma yana tsoron zomo, da rigar gashi. Ga baƙin tsumma ke nan.

Ni dai a ganina an zalunci yaron nan, kuma yau dokokin bincike ba za su yarda a yi irin wannan ba. Amma ku dubi abin da gwajin ya nuna, sannan ku dubi gidajenmu. Yaro ya ɗauki littafi, ya yi kuskure, bulala ta sauka. Gobe haka, jibi haka. Me jikinsa zai ɗaure da littafi? Zafi da kunya. Shekara arba'in bayan haka ya zama magidanci mai jikoki, ya shiga aji, malami ya ce "taso ka karanta," sai gumi ya karyo masa, abin da ya sani ma ya ɓace. Wannan shi ne faɗuwar gaban Baba ɗan dako. Ba daƙiƙanci ba ne.

Akwai magani kuwa. A 1924 wata masaniya mai suna Mary Cover Jones ta sami wani yaro ɗan kimanin shekara uku mai tsananin tsoron zomo. Ba ta tilasta shi ba, ba ta yi masa dariya ba. Sai ta riƙa ba shi abincin da yake so, a ajiye zomo cikin keji can nesa. Kullum a ɗan matso da kejin. A kwana a tashi, yaro ya kai ga shafa zomon da hannunsa.

Haka masu doki suke yi. Dokin da kuke gani ranar hawan salla yana tafiya cikin ganguna da algaita da ƙarar bindiga, ba ranar ya fara jin su ba. Da kaɗan-kaɗan aka saba masa, ana shafa shi ana lallashi. Mai tsoron allo ma haka zai yi wa kansa. Ya fara karatu shi kaɗai a ɗaki, da ƙarfi. Sannan a gaban jikansa ko matarsa. Sannan a gaban aboki ɗaya daga cikin 'yan aji. Kafin ya tsaya gaban aji duka, jikinsa ya riga ya koyi cewa karatu ba ya cizo. Ku kuma 'yan aji, ku riƙe dariyarku idan ɗan'uwa ya yi tuntuɓe. Dariyar nan bulala ce.

Koyo ta hanyar sakamako

Akwai hanya ta biyu. A ta farko abu biyu ne suke zuwa tare, kai kana zaune. A ta biyu kai ne kake yin aiki, abin da ya biyo baya shi zai sa ka sake ko ka bari.

Wanda ya yi suna a nan Ba'amurke ne, B. F. Skinner. Ya ƙera akwati mai ɗan maɓalli a ciki, ya sa ɓera mai jin yunwa. Ɓera yana ta zagaye, sai ya taka maɓallin bisa kuskure, ƙwayar abinci ta faɗo. Ba a jima ba ya koma yana dannawa da gangan. Skinner ya buga littafi a kan wannan a 1938, daga baya ya yi ta gwaji da tattabaru.

Mu koma Ƙofar Ruwa, ɓangaren kayan gyaran mota. Ku dubi yaron da aka kawo koyon sana'a. Ranar farko bai san sifana mai lamba goma da mai lamba goma sha biyu ba. Maigida nagari ba ya damƙa masa inji ya ce ya kwance. Yakan ce, "Miƙo mini goma." In ya miƙo daidai, ya ce, "Yawwa, ɗan albarka." Bayan kwanaki a bar shi ya kwance taya. Bayan watanni ya taɓa birki. Kowane mataki da nasa "yawwa". Skinner da irin wannan hawa-hawa ya koya wa tattabaru abubuwan da mutane suka yi ta mamaki.

Gwaje-gwajen sun nuna cewa lada ya fi aiki idan ya zo nan take. Yabon da aka yi wa yaro a lokacin da ya rubuta harafi daidai ya fi alkawarin sabuwar riga da salla. Kuma lada ba sai kuɗi ba. Sakin fuska lada ne, sa albarka lada ne, a kira maƙwabci a ce "zo ka ga abin da 'yarka ta rubuta" lada ne babba.

Duka fa? Duka yana tsai da abu na ɗan lokaci, musamman idan mai dukan yana wurin. Amma ba ya nuna wa yaro abin da ya kamata ya yi. Sau da yawa abin da yake koya masa shi ne ɓoyewa, da ƙarya, da gudun mai dukan. Ban ce a bar yaro sakaka ba. Kwaɓa tana da wurinta. Sai dai mu da yawa mun iya ganin laifi, ba mu iya ganin daidai ba. Yaro ya yi shara sau tara ba wanda ya tanka, ranar da ya manta sai gida ya ɗauka.

Ga wani abin mamaki da Skinner ya gano. Dabbar da ake ba lada kowane lokaci, in aka daina ba ta, takan bar aikin da wuri. Amma wadda ake ba jefi-jefi, ba ta san yaushe zai zo ba, ita ce take nacewa ko an daina. Wannan shi ne sirrin caca. Saurayi ya ci sau ɗaya a cacar ƙwallo, ya faɗi sau ashirin, amma cin nan ɗaya ya riƙe shi har ya sayar da wayarsa. Haka kuma yaron da ke birgima a gaban mai alewa. Idan uwa ta hana sau huɗu, a na biyar ta gaji ta saya, to ta koya masa cewa nacin kuka yana biya. Gara ta saya tun farko, ko ta tsaya a kan a'a ɗinta.

Abin da ke faruwa cikin barci

Yanzu mu zo kan barci. Mutum yana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa yana barci. Mai shekara 60 ya yi wajen shekara 20 a kwance ke nan. Da can masana sun zaci ƙwaƙwalwa tana mutuwa ne kamar fitilar da aka hure. A 1929 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya bayyana na'urar da ake manna wa mutum a ka, tana zana motsin ƙwaƙwalwa a takarda. Da ita aka gane cewa ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa ko cikin dare.

A 1953, a jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka bayyana cewa barci ba iri ɗaya ba ne. Akwai lokacin da idanun mai barci suke yawo da sauri a ƙarƙashin fatar ido. In aka tashe shi a lokacin, yawanci zai ce mafarki yake yi. Kuna iya ganin wannan da kanku. Ku dubi idon jariri yana barci.

Ga yadda dare yake tafiya. Da fari gyangyaɗi, wanda ko an kira sunanka a hankali za ka farka, har ka yi musu cewa ba barci kake ba. Sai barci ya ɗan yi nauyi. Sai kuma mai nauyi sosai, wanda in aka tashe ka daga cikinsa sai ka yi ta magagi. Daga nan sai barcin mafarki. Wannan zagaye yana ɗaukar kimanin minti 90, kuma yana maimaituwa sau huɗu ko biyar kafin gari ya waye. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare. A cikinsa jiki yake gyara gajiya, a cikinsa kuma sinadarin da ke sa yara girma ya fi fita. Barcin mafarki ya fi yawa wajen asuba.

A lokacin mafarki, ƙwaƙwalwa takan saki gaɓoɓin jiki su yi laƙwas, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan farka kafin gaɓoɓi su dawo. Sai mutum ya ji idonsa biyu amma ya kasa motsi, ya kasa magana, kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Wannan shi muke kira dannau. Abin da tsoro, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Ya fi samun wanda barci bai ishe shi ba, da mai kwanciya rigingine.

Barci da hadda

Ga inda maganar ta shafi karatunku kai tsaye.

A 1924, wasu malamai biyu a jami'ar Kwanel ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka sa ɗalibai biyu su haddace gaɓoɓin kalmomi goma-goma marasa ma'ana. Wani lokaci bayan haddar su kwanta barci, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu na rana. Bayan awa takwas sai a tambaye su. In sun yi barci, sukan tuna fiye da rabi. In ba su yi ba, da ƙyar su kawo ɗaya. Mutum biyu ba su da yawa, amma an sake irin wannan gwaji sau da dama da mutane masu yawa, kuma amsar tana nan, barci yana taimakon hadda.

A 1994 wasu masana a jihar Arizona suka leƙa ƙwaƙwalwar ɓeraye da na'ura. Suka ga sassan da suka yi aiki tare lokacin da ɓera yake koyon hanya da rana, su ne suke sake aiki tare yana barci. Wato ƙwaƙwalwa tilawa take yi da dare. Kamar manomi ne da ya yini yana yankan gero. Abin da ya yanka yana zube a gona. Dare ne lokacin ɗaure dami a kai rumbu. In ba a ɗaure ba, tsuntsu da gara su yi rabonsu.

Malaman tsangaya sun daɗe a kan wannan tsari, ko da ba su kira shi da sunan da masana suke kira ba. Almajiri ya yi karatu da dare a bakin wuta, ya kwanta, da asuba ya tashi ya maimaita. Kowa ya san karatun asuba ya fi zama. Ku yi koyi da haka. In kun dawo daga aji, ku buɗe littafi minti goma kafin ku kwanta. Da safe bayan salla, kafin a fita gona ko kasuwa, ku rufe littafin ku gwada tunowa, sannan ku duba. Minti goma kullum ya fi awa biyu rana ɗaya a mako.

Barci nawa ya isa? Likitoci sun ce babba yana bukatar awa 7 ko fiye. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Matashi kuwa awa 8 zuwa 10. Mai tashi ƙarfe biyar na asuba, in yana son awa bakwai, sai ya kwanta ƙarfe goma. Baba ɗan dako awa huɗu yake samu, ga rodi a ka yini guda. Ina hadda za ta zauna? Wanda dare bai ishe shi ba ya cike da ƙailula. Minti ashirin zuwa talatin bayan azahar ya wadatar. In ta yi tsawo, ko ta kai la'asar sakaliya, sai ta cinye barcin dare. Ku tuna kuma da 'yan mata masu talla da yaran da ake tasa tun duhu ɗiban ruwa. In suna gyangyaɗi a aji, kafin a ce malalata ne a lissafa awannin da suka kwanta.

Barci ɓarawo ne, in ji Hausawa, kuma a kan titi satarsa ta fi muni. A 1997 masu bincike a ƙasar Ostireliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa wajen aiki yana raguwa kamar na wanda ya sha giya. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa, in ido ya ɗauke masa na daƙiƙa huɗu kacal, motar ta yi tafiyar da ta fi tsawon filin ƙwallo ba mai riƙe da ita. Da yawa daga ƙarafan da ake kwancewa a jikin motocin da suka yi haɗari, da direba ya tsaya ya runtsa rabin awa, da suna kan hanya har yau. In kun shiga mota a tasha kuka ga direba yana hamma yana murza ido, ku yi magana. Ranku ne.

Goro, shayi da shimfiɗa

A cikin goro da shayi da kofi da lemon ƙara kuzari akwai sinadari guda mai suna kafin. Ba ya biyan bashin barci, rufe bakin mai bin bashin kawai yake yi. Kuma yana daɗewa a jiki. Bayan kimanin awa biyar, rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya ci goro ƙarfe takwas na dare don kada ya yi gyangyaɗi a aji, ƙarfe ɗaya yana tare da rabinsa. Ban ce ku bar goro ba, kada 'yan kasuwar Mariri su yi fushi da ni. Ku dai mai da shi na safe da hantsi.

A nan ne darussanmu biyu suka haɗu, domin barci ma ana saba masa. Uwa ta goya jariri, tana jijjiga shi tana bubbuga bayansa, kullum haka. Bayan makonni, da an ɗaura zane sai ido ya fara lumshewa. Goyo ya zama mai shelar barci, kamar ƙas-ƙas ɗin Pavlov.

Babba ma haka ne. In shimfiɗarka wurin barci ce kawai, da ka kwanta jiki ya gane. Amma in a kanta kake lissafin bashi, a kanta ake faɗa da iyali, a kanta kake latsa waya har tsakar dare, to jiki zai ɗaure ta da farkawa. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a kan benci a waje, da ya shiga ɗaki ya kwanta sai ido ya bushe. A 1972 wani masani, Richard Bootzin, ya fito da hanyar gyara wannan, kuma likitoci suna aiki da ita har yanzu. Kada ka kwanta sai ka ji barci. In ka kwanta kamar minti ashirin bai zo ba, tashi ka zauna a wani wuri cikin duhu-duhu, sai ka ji shi ka koma. Ka riƙa tashi lokaci ɗaya kowace safiya, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Mu wannan na ƙarshe ya zo mana da sauƙi, ladan yana yi mana. Kwanakin farko da wuya. Sai an yi mako biyu ko fiye ake ganin canji. A haɗa da gidan sauro, don wanda sauro ya kwana yana yi wa kiɗa ba dabarar da za ta yi masa aiki.

Akwai abin da ya wuce dabarar gida. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa yake tsayawa cikin barci har ya farka a firgice, kuma ya yini yana gyangyaɗi, ya je asibiti, don wannan yana tafiya da hawan jini. Haka wanda ya yi wata guda ko fiye barci yana gagararsa, ga baƙin ciki ko yawan tunani. A fara da asibitin da ke kusa, su za su tura mutum gaba, irin su Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada a sayi ƙwayar barci a kemis ko hannun mai talla ba da takardar likita ba. Jiki yana sabawa da ita, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu su koma huɗu.

Baba ɗan dako bai bar aji ba. Ya rage hirar mai shayi, ya mai da goronsa na safe. Da ya koma ƙauye da damina, jikarsa ce take sauraren karatunsa. Har yanzu hannunsa yakan ɗan yi rawa in ya riƙe alli, amma da kansa yake rubuta yawan rodin da ya ɗauka a yini, ba mai yi masa ƙwange a lissafi.

Aikin gida

Ku gwada abin da ɗaliban nan biyu suka yi. Ku roƙi malaminku ya rubuta muku kalmomi ashirin da ba ku saba da su ba, ya raba su goma-goma a takarda biyu. Takarda ta farko ku haddace ta da safe ƙarfe bakwai, ku ajiye, kada ku duba. Ƙarfe uku na rana ku rubuta waɗanda kuka tuna, kuma ranar ban da ƙailula. Bayan kwana biyu ku haddace takarda ta biyu ƙarfe tara na dare, ku kwanta, da asuba ku rubuta waɗanda kuka tuna. Kowa ya kawo lambobinsa biyu aji, malami ya jera su a allo, ku tara na rana daban, na dare daban. Ajin da ya yi, ya aiko mana da sakamakonsa tare da sunan ƙauyensu.